Inuwar Jirgin Ammi Salim

A shekarata ta biyar a Doha Inna ta zo Umra. Ƙanena Sani ne ya bugo mini ina tsaye a ƙofar asibitin da nake gadi a Al-Sadd. Ya ce Kawu Lawal zai taho da ita, kuma ba za su daɗe a Makka ba. Sannan ya ce idonta na dama ya rufe gaba ɗaya, na hagun ma sai abu ya matso kusa take gane shi. "Yaya, in da hali ka je ta gan ka," in ji shi. 

Ni ne ɗan farinta, kuma a gidanmu a Malumfashi ba a wasa da wannan kunyar. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce "ina wancan," in na yi abin kirki ta ce "yaron nan." A waya ma haka take. Sai ta gama tambayar Sani ko na ci abinci, alhali ga ni a kan layi ina jin ta, sannan ta karɓa ta ce, "To, Allah ya tsare," ta mayar masa. Ban taɓa jin haushin haka ba. Amma shekara biyar rabona da fuskarta, ga shi ana gaya mini ita ce ta kusa daina ganin tawa.

A lokacin ba ka fita ƙasar sai kafil, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya yarda, fasfonka ma a ofishin kamfani yake zaune. Na yi ta zarya wurin manajanmu har ya gaji da ganina. Ranar da ya miƙo mini fasfon, bayan an buga bizar Umra, sai ya riƙe gefensa bai saki ba. Ya ce, "Ka dawo mini da shi yadda na ba ka." Na ce in sha Allahu. Jirgin sama ya fi ƙarfina, motocin haya masu kai Umra kuma ranakunsu ba su zo daidai da na su Inna ba. Ga fasfo a hannu, ba abin hawa.

Rashid ne ya fitar da ni. Shi haifaffen Katar ne, yana kawo mahaifiyarsa wankin ƙoda a asibitinmu, ni kuma nake tura kekenta daga mota zuwa ciki. Ba aikina ba ne, amma na kai wajen shekara biyu ina yi. Tsohuwar, da muke ce wa Ummu Rashid, tun daga wurin ajiye motoci take ƙwala mini kira, "Abubakar, ya waladi," wato ɗana, har kunya ta kama ni a gaban mutane. Da Rashid ya ji labarin Inna sai ya ce, "Khalas, shi ke nan, da motata za mu je, ni ma na daɗe ban yi Umra ba. Ka samo wanda zai kama mini tuƙi, hanyar da nisa." Lokacin ana bi ta ƙasa, ba a kai ga rufe iyaka ba.

Ni ko keke da ƙyar nake tuƙawa, don haka na ɗauko Iliya. Ɗakinmu ɗaya da shi a Al Muntazah. Direban tankar ruwa ne, Bahadeje, ya girme ni sosai, gemunsa har ya fara furfura, amma bakinsa ba ya hutawa. Da yake akwai wasa tsakaninmu da Hadejawa, kullum cikin tsiya muke. Shi a wurinsa Bakatsine bai san komai ba sai fankama, Bahadeje kuwa babu abin da bai sani ba, musamman ruwa da mota.

Sharaɗi ɗaya Rashid ya kafa. Sai mun fara biyawa ta garinsu, Zakhira, a bakin teku, don Ummu Rashid ta ce ba mai tafiya Ɗakin Allah bai zo ta sallame shi ba. Hanyar Makka kudu maso yamma ta yi, Zakhira kuwa arewa take. Raina bai so ba ko kaɗan, domin duk yinin da ya wuce daga kwanakin Inna ake cire shi. Amma yaya za ka ce wa mai mota kada ya je ya gai da uwarsa? Na ce ba komai.

Da safe muka bar Doha. Mun wuce Umm Salal da gonakinta na dabino, Iliya na ta yi wa manoman gyara daga cikin mota, wai ba haka ake ban ruwa ba. Rashid ba ya jin Hausa, amma dariya yake ta yi. Ni dai hannuna na kan 'yar jakata, inda fasfon yake tare da tsarabar Inna: bargo mai laushi da carbi mai manyan 'ya'ya, wanda za ta iya ja ko ba ta gani.

Zakhira ƙaramin gari ne, shiru, ko'ina ƙarnin kifi. Ummu Rashid na zaune a tsakar gida a kan kekenta, da ɗan ƙyallen nan mai sheƙi da tsofaffinsu ke rufe hanci da shi. Ta riƙe hannun rigata ta yi ta addu'a, ta ba ni ƙullin turaren wuta da dabino in kai wa Inna. Na ɗauka shi ke nan za mu juya. Sai ta ce an riga an ɗora tukunya, ba mai fita gidanta da yunwa. Rashid ya dube ni, na sake cewa ba komai. Ya jefa wa Iliya makulli ya ce mu je mu ga teku kafin a gama, mu haɗu a masallacin bakin ruwa da azahar.

Muka je, ba mu ga teku ba. Fili ne kawai shimfiɗe, fari-fari, ƙasarsa a daddaɓe kamar daɓen ɗaki, ruwan kuma can nesa, siriri, da ƙyar ido ke kai masa. Jiragen kamun kifi na katako na kwance a kan ƙasa, kowanne ya karkata gefe guda. Iliya ya kashe mota ya yi tsaki.

"Wannan ne tekun da ake ta faɗa? Kogin Hadeja da rani ya fi shi ruwa."

Na ce, "To jiragen fa, Malam Iliya, me suke yi a tudu?"

"Kai Bakatsine, rani ne. Ruwa ya janye, an jingine su sai damina. Haka muke yi da kwalekwale a gida."

Maganarsa ta shige ni, domin abin da na sani ke nan ni ma. A wurinmu ruwa ba ya zuwa sai an ga hadari, kogi ba ya cika sai an yi ruwa a sama. Rana kuma ta take, babu ko bishiya ɗaya a bakin titin. Iliya ya ce direban da zai bar motar mutane a rana irin wannan ba direba ba ne. Ya hango wani babban jirgi mai shuɗin baki da ya yi inuwa mai kyau a gefensa, ya gangara da motar daga titi, ya bi ta kan filin nan, ya manna ta a inuwar tsaf. Mun ga igiya mai kauri ta fito daga hancin jirgin zuwa wani ƙarfe da aka kafe a ƙasa. Iliya ya ce saboda ɓarayi ne.

Da za mu fita na tsaya ina shawara da jakata. Gaba kaɗan ƙasar da damshi, na ji tsoron kada in zame fasfon ya faɗa cikin taɓo. Sai na tura jakar can ƙarƙashin kujera, inda ba mai gani, muka kulle motar. Iliya nasa fasfon na cikin wani aljihu da ya ɗinka a cikin wandonsa, irin na tsofaffin direbobi. Har dariya na yi masa a kan aljihun nan.

Muka ɗan taka, muna kallon wasu ƙananan ƙaguwa na gudu suna shigewa rami, Iliya ya sa na ɗauke shi hoto ya dafa jirgin. Da aka kira salla muka hau titi da ƙafa, muka zagaya ta bayan gidaje zuwa masallaci. Ana sallamewa wani dattijo baƙi siriri, mai tafin hannu kamar fatar ganga, ya kama hannuwanmu. Rashid ya ce kawunsa ne, Ammi Salim, masunci ne tun yana yaro, kuma a zaurensa za a ci abincin. Aka kawo shinkafa da kifi a faranti ɗaya babba, aka ci, aka kawo gahawa a 'yan ƙananan kofuna, aka kawo shayi, aka sake kawo gahawa. Maƙwabta na shigowa ɗaya bayan ɗaya don su ga masu tafiya Umra, kowa sai an sake gaisawa daga farko. Ina zaune ina murmushi, cikina kuwa kamar in tashi in kama hanya da ƙafa.

Sai da la'asar ta kawo jiki Rashid ya miƙe ya ce, "Yalla. Iliya, ina ka ajiye motar? Ban gan ta a masallaci ba."

Iliya ya gyara zama, da Larabcinsa na tasha, ya ce ya samo mata inuwa mai sanyi, a gindin wani tsohon jirgi da aka jingine a fili.

Ammi Salim ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Wane jirgi?"

"Babban nan, mai shuɗin baki."

"Nawa ne," in ji dattijon. "Da shi na fita jiya."

Ban gane abin da ke cikin maganar ba sai da na ga Rashid ya fita a guje ba takalmi. Muka bi shi. Da muka zagayo bayan gidajen sai na tsaya cak. Filin nan babu shi. Ruwa ne shuɗi tun daga bakin titi har iyakar gani, jiragen da muka bari a kwance duk sun miƙe suna lilo. Jirgin Ammi Salim na yawo a kan igiyarsa, a gefensa kuma ga motar Rashid, ruwa ya kai mata gindin gilashi, tayoyin gaba sun nutse cikin laka ta yi goho. Iliya ya ɗaga kai yana duba sama, gabas da yamma, babu ko ɗigon gajimare.

Ya ce, "Ba a yi ruwa ba fa, Habu." Ya sake faɗa, a hankali.

Na faɗa ruwan ban san na faɗa ba. Ban iya iyo ba, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce kwatami ba. Kafin ya kai mini cinya laka ta riƙe ƙafata ta cinye takalmina ɗaya, na tsaya ba gaba ba baya, ina kallon motar ina faɗin fasfo, fasfo. Ammi Salim ne ya fizgo ni ta wuyan riga ya zaunar da ni a bakin titi. Ya shiga wani ƙaramin kwalekwale da guduma a hannu, ya je ya fasa gilashin baya, ya zura rabin jikinsa ciki yana lalube. Da ya ɗago jakar, ruwa na zuba daga gindinta kamar an ɗago guga.

Fasfon ya kumbura ya yi biyun kaurinsa. Shafukan sun manne, tawadar bizar ta bazu ta zama shuɗin tabo, ledar da ke kan hotona ta ɗago, ruwan gishiri ya shiga ƙarƙashinta ya cinye mini rabin fuska. Na zauna da shi a hannu a tsakar gidan Ummu Rashid, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Tsohuwar ta karɓa, ta sa aka yayyanka farin ƙyalle, ta riƙa ɓamɓare shafukan da farcenta ɗaya bayan ɗaya tana sa ƙyallen a tsakani, ta kanga shi a kan kaskon turarenta. Tana yi tana cewa, "Abubakar, ya waladi, Allah karim." Duk kiran da ta yi sai na ji kamar ta daina.

Ba wanda ya yi mana faɗa, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Rashid ya ce mota ƙarfe ce, khalas, gobe za mu ɗauki ta yayansa. Ammi Salim ya zaunar da mu ya yi mana bayani kamar yara, cewa tekun kan tafi ya dawo sau biyu kowace rana, ba ruwansa da rani ko damina, haka yake tun da Allah ya halicce shi. Shekara biyar ina zaune a garin da ke bakin teku, amma daga ɗaki sai ƙofar asibiti, ban taɓa tsayawa na kalle shi na yini guda ba. Iliya kuwa tunda na san shi ban taɓa ganin ya yi shiru haka ba, ko abincin dare bai taɓa ba.

Washegari muka sake ratsa Doha muka kama hanyar iyaka. Fasfon ya bushe, ya yi ƙamshin turare, ya kuma lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Duk tsawon hanyar ina danne shi a ƙarƙashin cinyata ko zai miƙe. A Abu Samra, bakin iyakar, jami'in ya karɓa ya jujjuya, ya sa a na'ura ta ƙi karantawa, ya goge a hannun rigarsa ya sake sawa. Ya kira na gaba da shi. Mutanen nan ba su wulaƙanta ni ba, har kujera suka ba ni. Rashid ya yi ta roƙo, ya gaya musu uwata zan je gani, ga shi ta kusa makancewa, har ya sumbaci babban a ka. Mutumin ya ce ko sun bar ni na wuce, a ɗaya gefen ba za a karɓi wannan ba, kuma dawowa ma sai ta gagare ni. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce in yi haƙuri. Sabon fasfo kuwa ba abin kwana biyu ba ne, kafin ya fito su Inna sun daɗe da komawa gida.

Rashid ya ce to mu juya gaba ɗaya. Na ce a'a, su wuce. Kawu Lawal tsoho ne, ba zai iya tura keken Inna a ɗawafi ba, kuma da ma ni na ci burin tura ta. Na ciro bargon da carbin da ƙullin Ummu Rashid na ba Iliya. Bargon har lokacin da damshi, yana warin gishiri.

Ya ce, "Habu, ni ne na..."

Na ce, "Malam Iliya, bar wannan yanzu. Kai za ka tura ta da hannunka, kada ka ba 'yan haya, gudu suke yi da tsofaffi. Ka riƙa duba mayafinta kada ya shiga taya. In za ka tsaya ka gaya mata tukuna."

Ya gyaɗa kai. Na tsaya ina kallo har motar ta shige layi ta ɓace mini. Wani direban tirela Basudane ne ya dawo da ni Doha. Ya ga idona bai tambaye ni komai ba, ya zuba mini shayi a murfin fulas ɗinsa, ya raba gurasarsa biyu ya ajiye rabi a cinyata. Da na kai wa manaja fasfon, da yatsa biyu ya ɗaga shi, ya dube ni ya dubi abin, ya jefa a aljihun tebur. Na koma aiki tun hutuna bai ƙare ba, don zaman ɗakin ya gagare ni.

Daga Makka Iliya ya kira ya ba Inna wayar. Na shirya maganganu da yawa, duk suka gudu. Ta ce, "An ce ruwa ne." Na ce e, Inna. Ta ce, "To, Allah bai yi ba. Ka ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce Allah ya tsare, ta mayar masa. Kafin kwangilata ta ƙare in samu zuwa gida, idon hagun ma ya rufe. Tana nan da ranta har yau, da hannu take shafa fuskata, kuma har yau wancan ne sunana.

Ranar da su Iliya suka dawo, ya shigo ɗaki ya ajiye mini ƙullin yaji da kuka da wata hula da Inna ta taho mini da su tun daga Malumfashi. Ya zauna a bakin katifata, ba tsiya ba wasa. Ya ce sun same ta zaune a ƙofar masauki, Kawu ya ce tun safe take wurin. Da ya durƙusa ya gaishe ta, ta matso da fuskarta dab da tasa ta duba, sannan ta leƙa bayansa ta ce, "Ina abokin tafiyar taka?" Ya ce bai taɓa jin nauyin bakinsa irin na ranar ba.

Sannan ya ce, "Akwai abin da ban gaya maka a waya ba. Da nake tura ta a ɗawafi, na sunkuya in gyara mata mayafi, sai na ji abin da take faɗa. Ba addu'ar da ake koya wa alhazai ba ce. Sunanka take kira. Ya Allah, Abubakar. Ya Allah, Abubakar. Tun daga zagayen farko har na ƙarshe ba ta faɗi wani abu ba. Ta ɗauka hayaniya ta hana ni ji."

Na daɗe ina juya hular a hannuna. Sannan na ce ya faɗa mini yadda take faɗinsa, inda take ja da inda take saukewa. Ya gyara murya ya gwada, da bakinsa na Hadejawa, bai yi kama da muryar Inna ba ko kaɗan. Na ce masa ya sake.